Fatihar da Muka Shafa a Masaukin Shagari

Ina koyarwa a Boɗinga zamanin farar hula, shekarun da shinkafa da sabulu suka zama abin nema. Ni ne sakataren ƙungiyar malamanmu. Shugabanmu wani tsohon hedimasta ne, wanda in ya faɗi magana ba a neman shaida.

Muka shirya taron ƙara wa juna sani a garin Shagari, da kwana a can. Mu maza ko gindin bishiya ya ishe mu. Damuwar ta malamai mata ce, 'yan kaɗan da muke da su a Lambara da Dandin Mahe, waɗanda da ƙyar mazajensu suka bar su suna aiki. Hedimasta ya bi su gida-gida, ya ɗauki alkawarin matan za su sauka a killataccen wuri, ba namijin da zai ko leƙa.

Masauki ɗaya ne a garin mai ɗakunan baya da katangarsu da ƙofarsu daban. Muka sami mai shi muka zauna ciniki: ɗakunan baya na mata ne, a cika musu randuna, kada a sayar da giya har mu watse. Duk abin da muka ce sai ya ce ya yarda. Saurin yardar nan ya tsaya mini a rai, na ce a rubuta a sa hannu. Nan take ya ɓata fuska, ya dubi hedimasta.

"Ranka shi daɗe, takarda malamin ga shika so? Ni da kai da munka yi karatun allo zaure guda?"

Hedimasta ya galla mini harara, ya ce in ɗaga hannu. Aka yi fatiha, muka shafa. A wurinsu magana ta ƙare, neman takarda bayan fatiha zagi ne. Na haɗiye haushina muka tashi.

Ranar taro muka tarar da motocin kamfe sun cika ƙofar masaukin, ɗakunan baya maƙil da 'yan siyasa, ga kwalabe a bakin randunan. Mai masauki ya fito yana sosa ƙeya.

"Manya sunka zo, mi kaka so in yi? In kore su?"

Na zazzaga masa abin da ke bakina, bai amfana komai ba. Matan na tsaye a rana da ƙullin kayansu, 'yan banga suna yi musu shewa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Muka sa su a mota suka koma, amma labari ya riga su isa gida.

A Dandin Mahe, mijin malamar da ke riƙe da ajin 'yan mata ya ce ta gama aiki. Na raka hedimasta ba shi haƙuri. Tsoho da furfurarsa ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa. Mijin bai ɗaga murya ba.

"Malam, ni ban san mai masauki ba. Kai kay yi man alkawali."

Malamar ba ta dawo ba. Da iyaye suka ga namiji aka kawo a madadinta, suka janye 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, har aka mai da ajin ma'ajiyar karyayyun bencina.

Hedimasta bai taɓa tada mini zancen takardar ba, ni ma ban tada ba. Amma daga ranar, duk taron da aka ce ya yi mana fatiha, sai ya sunkuyar da kai ya ce wani ya yi.