Saukata Daga Bisa Jaki

Shekarar da nib bar elemantare ban yi komi ba sai ci da kwana. Baba ya rasu, ya bar mana saniya da jaki. Inna ta dama mani fura da nonon saniyar da safe, ta sake damawa da marece, har nik koma nishi in na duƙa alwala. Ita ko daɗi taka ji. Wurinta, muddin ɗanta na da teɓa, ba mai cewa gidan ya mutu.

Sai lokacin haraji da jangali yam matso, ba mu da abin ba Nasara. Kawu, ƙanen Inna, shi ka fataucin gishiri daga Tambuwal zuwa Kebbe. Yaz zo yac ce ko in bi shi da jakinmu, ko a kai saniya kasuwa. Nic ce to. Ban ji komi ba. Tun rasuwar Baba haka nike, abin da anka ce shi nika yi.

Tafiyar farko hawa niy yi, anka ɗaura ɗan gishiri kaɗan bayana. Jakin ya yi taku ya tsaya, ya yi taku ya tsaya. Kawu yaj juyo yad dube mu.

"Ɗan nan, kai ka fatauci, ko kai anka ɗauko a saida?"

"Kawu, ƙafa ka yi mani ciwo."

"Ta yi. Gishirin da kat tare ma wuri ya fi ka tsada. Kai ko Kebbe ba mai taya ka. Sauka."

Nis sauka. Cinyoyina sunka goge juna har sunka yi ruwa, nir riƙa shafa man kaɗe ina tafiya a tale kamar mai sabuwar kaciya. 'Yan ayari na dariya, ni ina kallon wutsiyar jaki.

Tafiya ta biyu anka aza ma jakin mangala cike. Daga nan kowace kasuwa sai mun je. Mu kai gishiri, mu dawo da dawa. Zariyar wandona tar riƙa saura, ina ƙara ɗauri. Wata rana nig ga mun wuce fadama ban nemi inuwa ba. Daga baya ni ma nif fara ɗaukar kaya ga kai, ribar wannan tawa ta, Kawu ba shi taɓa ta. Ci ma ya ragu. Dunƙulen fura guda ya kai ni Kebbe, nonon da niƙ ƙi sha Inna ta kai bakin kasuwa, tana ɓata rai. Da nij je ɗinka riga, maɗinki yam maido mani sauran ƙyalle.

Mata sunka fara shigowa gaida Inna suna tambaya a hankali ko ciwo nika yi.

Ranar da masu karɓar haraji sunka zo da mai unguwa, nif fito nib biya na kaina, nib biya na saniya. Sunka wuce gidan gaba. Saniyar na ɗaure ga turkenta tana tuƙa.

Inna ba ta ko dube ta ba. Tam matso, tas sa yatsa cikin ramin wuyana.

"Ka rame," tac ce. "Mutane za su ce ban iya riƙon maraya ba."

"An dai biya, Inna."

Tat tsaya tana kallona. Sai nit tambaye ta ina anka aje igiyar mangala, gobe kasuwa.