Duwatsun da Suka Raba Ni da Injiniya

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, wanda Maraɗi ke kira Injiniya. Ranar da na fara ganinsa, a ƙofar gidanmu a unguwar Zariya, yana tsugune yana lasar guntun dutse. Na ɗauka taɓin hankali ne. Ashe aikinsa ke nan: idan dutsen yashi ya kama harshe, to yana shan ruwa, ana sa ran rijiyar burtsatse a wurin.

Ni na tashi da littattafan soyayya na kasuwa, inda miji ke dawowa da turare da kalamai masu sanyi. Nawa yakan dawo daga Tibiri aljihu cike da duwatsu. Ya jera su a tabarma, ya ɗiga musu ruwa, yana yi musu kallon da na yi shekaru ina jira.

"Balki, dibi wanga farin zare da ya ratsa dutsen," in ji shi wata rana. "Nan ƙasa ta matse dutsen har yashin ya niƙe, ya toshe. Ruwa in ya zo nan, bango ya iske. Inda ko dutse ya tsage ya buɗe, sai gudu."

"Malam, ka lura na yi sabon kitso?"

Ya ɗago, ya ce ya yi kyau, ya koma kan dutsensa.

Ranar sunan 'yarmu ta fari, wani manomin Jiratawa, Malam Garba, ya zo afujajan. Sabuwar rijiyarsa ba ta kawo ruwa, ta maƙwabcinsa kuwa na ambaliya, ga tumatir na ƙonewa. Kafin a gama feɗe rago, Injiniya ya hau babur. A can ya gano irin wannan bango tsakanin rijiyoyin biyu, ya sa aka matsa gaba aka sake haƙawa. Ruwa ya zo. Ni kuwa kwana uku ban yi masa magana ba, kuma ba na jin ya lura.

Yau famfo mai aiki da hasken rana ya cika kwarin Gulbi, kowa na huda ƙasa inda ya ga dama. Da yana nan, da ya ce ba a tambayi dutse ba. Da kuma ya sake barina da tuwo yana hucewa.

Na yafe masa, Allah Ya jiƙansa. Kishin ne ya ƙi tafiya. Malam Garba ya tsufa, ya aurar da 'ya'yansa duka daga wannan gona. In ya yi baƙo, yakan kai shi bakin rijiyar, ya nuna ƙasa da sanda ya ce, "Nan Injiniya ya taka." Ni da aka bari a gida ranar jana'iza, ko kabarinsa ban sani ba.