Matar da Ta Aike Ni Wajen Innata

Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, ina tsaye a ɗakin ba da magani na asibitin da nake aiki, makaɗin fiyano na gidan wasan kwaikwayo ya kira ni. Ko gaisawa ba mu yi ba ya ce, "Anti ta cika." Na Allah muke dukkanmu, kuma wurinSa muka nufa. Na sallami matar da ke gabana, na zaga bayan kanta na zauna a kan kwali, na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar mahaifina.

Anti, ke ce kika riƙe shirin renon sababbin wasanni na gidan nan tun kafin yawancinmu mu san mene ne dandamali. Duk shekara marubuta su turo wasanninsu, na zance da na waƙa, kwamiti ya zaɓi kaɗan, a ba su 'yan wasa da makaɗi da ɗakin gwaji har rubutun ya tsaya da ƙafarsa. A bayan idonki Anti A-Sake muke kiranki, don ba wanda ya taɓa miƙa miki shafi kika karɓa a karon farko. Da sunan ya je kunnenki dariya kika yi, kika ce shi ma bai yi daɗin faɗa ba, a sake.

Ban san ki ba lokacin da na cike fom na tura wasana. Wasa ne mai waƙoƙi a kan mata biyu, ya da ƙanwa, da suka daina magana saboda ƙanwar ba ta zo jinyar ajalin uwarsu ba. Ban sha wahalar ƙirƙira ba, labarin Mama ne da ƙanwarta, wadda muke kira Inna. Ba a ɗauke ni ba. A wasu wurare nan zance ke ƙarewa, amma ke duk wanda aka bari sai kin kira shi ofishinki, wancan ɗan ɗakin na ƙarƙashin matattakala mai fankar da ke juya kai tana ƙara.

Kika zuba min shayi, kika ce, "'Yata, kina da kunnen waƙa. Amma kin ba yayar waƙa huɗu, ƙanwar ko baiti ɗaya ba ki ba ta ba. Tana raye?"

Na ce tana nan.

"To me kike yi a ofishina? Je ki ji ta bakinta."

Na je. Inna ta daɗe tana kallona a bakin ƙofa kafin ta matsa min hanya. Sai a zuwa na uku ta buɗe baki. Ashe a makon da kakarmu ke kwance, ita ma tana kwance a wani asibitin, ta yi ɓarin cikin da ta yi shekara da shekaru tana nema. Ba ta gaya wa kowa ba don kada hankalin tsohuwa ya tashi, daga baya kuma da aka yi mata fushi, zuciya ta hana ta bayani. Na dawo na rushe kashi na biyu na wasan gaba ɗaya. Da shekara ta zagayo na sake nema, aka ɗauke ni.

Ranar da aka karanta wasan a gaban jama'a, ba kwalliya ba fitilu, 'yan wasa na zaune riƙe da takardu, Mama ta zauna a wannan gefe, Inna a wancan. Ba zan ce sun rungumi juna ba, don ba su yi ba. Amma da aka tashi Mama ta tsaya a bakin titi, ta ce da ni, "Ki tambaye ta ko ta samu abin hawa." Mota ɗaya suka shiga. Kina tsaye a bayana kika ce, ƙasa-ƙasa, "Kada ki kuskura ki sa wannan a wasan. Nasu ne."

Ba ni kaɗai ba ce. Akwai direban babbar mota da bai iya rubuta waƙa a takarda ba, ya rera nasa a waya ya turo. Kwamiti ya ce bai cika ƙa'ida ba. Kika kunna musu a tsakiyar taro, kika ce wanda ya ji wannan ya ce ba waƙa ba ce ya ɗaga hannu. Ba hannun da ya tashi. Akwai mai jegon da ta so janye takardunta don ba ta da wanda za ta bar wa jaririya. Kika ce ta zo da ita, kika goya ta da mayafinki kina zagaya ɗakin gwaji kina gyara wa 'yan wasa tsayuwa. Kina da faɗa, ba zan ɓoye ba. Kin sa manyan mutane sun fita suna huci. Amma ban san wanda ya fita bai dawo ba.

Ciwonki kin ɓoye mana shi har sai da hawa matattakala ya gagare ki. Ni da nake ganin marasa lafiya kullum na gane abin da ramar nan ke nufi, kika harare ni, kika ce in riƙe sanina a aljihu. Rubuce-rubucen masu nema na bana a gadon asibiti kika saurare su, babbar 'yarki na karanta miki, kina tsayar da ita kina cewa ta maimaita. Kin gama da na ƙarshe kafin ki daina magana.

Wasana zai hau dandamali a wata mai zuwa. Na so ƙwarai ki gani.

Ina miƙa ta'aziyya ga Baba, maigidanki, wanda ya ce mana a zaman makoki shekara talatin yana cin abinci da sanyi saboda mu, kuma da za a maimaita zai sake ci. Ina miƙa ta ga 'ya'yanki mata biyu da jikokinki, da 'yan'uwanki, da ma'aikatan gidan wasa tun daga mai gadi har masu ɗinkin kaya. Ina kuma yi wa waɗanda aka ɗauka bana ta'aziyya, su da za su shiga ɗakin gwaji ba su taɓa ganin fuskarki ba, alhali kalamansu na cikin abin da kika ji na ƙarshe a duniya.

Allah Ya jiƙan ki, Anti. Ya yafe miki kurakuranki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi, Ya yalwata miki makwanci, Ya haskaka shi. Yadda kika saurari bayinSa da haƙuri, Ya karɓe ki da rahama. Ya ba iyalinki juriya, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.