Baba Sajan da Madubin Bindigarmu

Baba Sajan ya rasu.

Yau da safe labarin ya same ni, ina tsaye a kicin, ruwan shayi bai ko tafasa ba. 'Yarsa Asabe ce ta kira daga Kurudu. Ta ce ya yi sallar asuba, ya ce a dama masa kunu, kafin a kawo rai ya yi halinsa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Amma tun ɗazu duk abin da na tuno game da tsohon nan sai in ji dariya tana neman ƙwace mini, har na fara jin kunyar kaina.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne mai kula da filin harbi na kulob ɗinmu. Tsohon sajan ne, a ma'ajiyar makamai ya ƙare aikinsa. Gajere, kakkaura, hularsa kullum a ƙeya. Mutumin wajen Akwanga ne, kuma a Hausarsa mace da namiji duk "kai" ne. Shekara da shekaru yana ce mini "Hajiya, kai zo nan," ban taɓa gyara masa ba.

Mun san shi ne a shekarun nan da Abuja ke ta bunƙasa, gini na tsirowa ko ta ina, ana ta faɗaɗa titin Kubwa. Kowa a ofis ya samo abin yin Asabar. Wasu gona a bayan gari, wasu ƙwallo. Maigidana Abban Ikram, injiniya ne a wata ma'aikatar tarayya, shi wasan harbi ya shiga ransa. Ya yi ta zarya a kan lasisi har takalminsa ya siɗe, daga ƙarshe ya fito. Ni kuma na ce sai an yi mini rajista a kulob ɗin.

Ranar da bindigar ta iso ma'ajiyar kulob, kamar an kawo amarya. Baƙa wuluk, gindinta ana zuge shi a tsawaita ko a rage, a samanta ga layin ƙarfe na ɗaura madubin saiti. In ka gan ta sai ka rantse ta sojoji ce. Nan kuwa .22 ce, harsashinta bai wuce gaɓar yatsa ba, ƙararta kamar yaro ya fasa leda.

Na tura wa Hajiyarmu hoton a Zariya. Ko minti biyar ba a yi ba ta kira.

"Ke, aure na kai ki Abuja ko bariki?"

Ta kira surukin nata ma, ta yi masa tatas. Ya dawo gida jiki a sanyaye, yana ta kewaye-kewaye, wai ko zan riƙa raka shi kawai in zauna a inuwa.

Ni da bakina na ja wa kaina. Na ce a ba ni Asabar uku. In ban sa harsashi a baƙin tsakiyar takarda ba, na haƙura, ba zan sake taka filin ba. Hajiya ta ce ta ji, ta kuma riƙe.

Ku gane, ina son abin nan har cikin raina. Tun ina firamare na fi yayyena maza hannu da danƙo, har aka ƙwace aka ce ba wasan mata ba ne. Daga ofis sai kicin, daga kicin sai ɗauko yara. Wannan ne abu ɗaya da na ji nawa ne.

Aka yi rashin sa'a, makon da bindigar ta zo Baba Sajan ya tafi ƙauyensu haƙar doya. Wanda ya riƙe masa wurin ya ce a jira shi ya dawo ya ɗaura mana madubin. Abban Ikram ya ce mutumin da ke duba gadoji ba zai jira kowa a kan sukuru huɗu ba. Ya naɗe hannun riga, ya ɗaura, ya ƙara matsewa, ya ja baya yana kallon aikinsa.

Madubin yana da maɓallai biyu da ake murɗawa. Na sama yana ɗaga harbi ko ya saukar da shi, na gefe yana kai shi dama ko hagu. Iyakar abin da muka sani ke nan, mu sababbin shiga.

Asabar ta farko, na harba, ya sauka ƙasa da baƙin. Maigida ya murɗa na sama don ya ɗaga. Na sake harbawa, bai ɗagu ba, sai ma ya gudu gefe. Ya sake murɗawa. Ya ƙara gudu.

"Kina fizgar kunama ne," in ji shi. "Ki ja a hankali."

Shi kuwa in ya karɓa, nasa yana faɗawa kusa-kusa da baƙin. To me zan ce?

Asabar ta biyu har takardar na daina samu. Akwai wani Mista Bulus daga Jikwoyi, mai sayar da kayan gini, bakinsa ba ya shiru. Ya kara waya a kunne ya ce, "Madam, mutanen Nyanya ne, wai harsashinki har can yake kaiwa, don Allah ki yi haƙuri, ba su yi miki komai ba."

Kowa ya kwashe da dariya, ni ma na yi.

Asabar ta uku na shirya kamar mai zuwa sallama. A bakin ma'ajiya muka tarar da wani ɗan tsoho yana cin gyaɗa, ashe Baba Sajan ne ya dawo. Ya fito da bindigar, ya buɗe ta ya tabbatar babu harsashi, ya dube ta sau ɗaya. Na ga girarsa ta ɗan ɗaga.

Ya dube ni. "Hajiya, kai ne mai harbin Nyanya?"

Na ce ni ce, Baba.

"To zauna."

Ya rage mini tsawon gindin bindigar har ya zauna daidai a kafaɗata, abin da ba wanda ya yi tunaninsa a mako biyu. Ya sa buhun yashi a ƙarƙashin gabanta. Ya gyara mini abin toshe kunne a kan hijabi ba tare da ya taɓa ni ba, da baki kawai yana nuna mini. Ya sa aka kafa sabuwar takarda a mita ashirin da biyar.

"Uku. Wuri ɗaya za ka saita duka ukun. Ko ina ya faɗi, ba ruwanka. Kada kowa ya taɓa maɓalli."

Wannan na ƙarshen da maigida yake, amma Baban sama yake kallo.

Na ja numfashi, na harba uku. Aka buɗe bindiga, aka ajiye, ya ba da izini muka taka zuwa wurin takardar, Mista Bulus na biye da mu don kada dariya ta wuce shi.

Ramukan uku suna can ƙasa a kusurwar takarda, nesa da baƙin. Na ce a raina shi ke nan, Hajiya ta ci.

Baba Sajan ya sunkuya ya tsinci marfin kwalbar lemo a ƙasa, ya ɗora a kan ramukan. Ya rufe su ruf, duka ukun.

Ya juyo ya dubi Mista Bulus. "Oga Bulus, shekararka nawa a nan? Ka taɓa rufe naka da wannan?"

Baba ya ci gaba.

"Wanda ya tara uku wuri ɗaya bai yi kuskure ba. Hannu daidai ne. Madubi ne ke yi masa ƙarya."

Wallahi sai da na dafa katakon da aka manna takardar.

Daga nan ya ce, "Oga injiniya, zo ka taimake ni a sito. Idona ya tsufa, sukurun nan sun yi mini ƙanana." Ni kuma ya ce in je in sha zoɓo, aikin maza ne. Wannan ne karo ɗaya tak da ya taɓa gaya mini haka.

Minti goma suka fito. Maigida yana ta goge tabarau. Baba ya ajiye bindigar a kan buhun yashi ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Oga ya gyara."

Ina sa ido na ga abin. Maɓallin gefen da ke hagu tun ranar farko, yanzu yana dama. Ashe a kwance aka ɗaura madubin. Layukan cikinsa gicciye ne, ko ta ina ka juya iri ɗaya suke, shi ya sa bai nuna ba. Duk lokacin da bawan Allah ya murɗa na sama don ya ɗaga mini harbi, gefe yake kora shi.

Na dubi Baba. Ya ɗauke kai yana ɓare gyaɗa.

Na haɗiye maganata.

Aka sake sabon lale. Uku, a je a duba, Baba ya ƙirga ya ce wa maigida murɗa kaza, ƙas ƙas ƙas. Uku kuma, a sake dubawa. A zagaye na uku ramukana suka shige cikin baƙin, biyu ma har sun haɗe.

Mista Bulus ya cire hula ya rusuna. "Madam, Nyanya sun ce a gaishe ki, sun koma kasuwa."

Na yi tsalle, ni da 'ya'ya biyu. Maigida ya ɗauki hoton takardar, shi da kansa ya tura wa Hajiya. Amsarta: "To, Allah ya kyauta. A dai riƙa rufe kai."

Tun daga ranar ban fasa zuwa ba.

Baba ne ya koya mini cewa irin wannan bindigar gefen gindin harsashi allurarta ke bugu, don haka ba a jan kunama a banza in babu komai a ciki. Shi ya koya mini cewa bakin bindiga ba ya kallon mutum, ko da ka rantse da Alƙur'ani babu harsashi. A kan wannan kaɗai na taɓa ganin fushinsa, kuma darakta guda ya kora gida.

Ya ajiye mini 'yar darduma a sito, ba mai taka ta. In azahar ta yi sai ya tsayar da harbi, su Mista Bulus su sha ruwa, mu mu yi salla.

Da na kawo ƙawayena biyu daga ofis, sai ya ce, "Hajiya, kai koya musu, ni zan ci gyaɗa." Yana zaune a baya, in na yi daidai ya yi tari sau ɗaya.

Ganinmu na ƙarshe wata biyu ke nan. Muka je Kurudu duba shi, don ƙafa ta hana shi zuwa fili. Yana kan tabarma ƙarƙashin gwaiba, kaji na kewaya shi. Ido ya yi hazo, amma da muryata ya gane ni.

"Hajiya, har yanzu kana tara uku?"

Na ce ina tarawa, Baba.

Ya sa Asabe ta zuba mana doya a but ɗin mota har da ƙyar ya rufu. Da za mu tafi ya riƙe hannun maigida ya ce, "Oga injiniya, wancan magana fa?" Maigida ya yi dariyar yaƙe ya ce hadari na haɗuwa, gara mu kama hanya. Ban tambaya ba.

Yau da safe muna hanyar Kurudu, shi zai bi jana'iza ni zan shiga wurin mata, cunkoso ya tsayar da mu a Nyanya. Ya daɗe yana riƙe da sitiyari. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Maman Ikram, akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Madubin nan ni na ɗaura shi a kwance. Kuma nawa da kika ga yana zuwa kusa da baƙin, gefen takarda nake saitawa a ɓoye. Na bar ki kina zargin hannunki mako biyu."

Ya ce a sito Baba bai taɓa sukuru ko ɗaya ba. Ya miƙa masa abin kwancewa ya ce, "Kai ka ɗaura, kai za ka juya. Matarka ya fi ka hannu, wannan arziki ne, ba abin kunya ba. Ni ba zan faɗa ba. Amma ka gaya masa da bakinka, kada ka bar shi da shakka."

Ya ce duk shekara yana niyya, sai girman kai ya riƙe masa harshe. Yanzu ga shi mai tuna masa ya tafi.

Na ce, "Abban Ikram, tun ranar na sani. Maɓallin hagu ne ya koma dama."

Ya juyo baki buɗe. "Kin sani? Duk shekarun nan?"

Na ce ai Baba ya rufa maka asiri, ni wace ce da zan tona.

Muka fashe da dariya, hawaye na zuba, har mai sayar da ruwan leda ya leƙo ya ga ko lafiya. Na bayanmu suna ta danna mana oda, hanya ta buɗe ba mu sani ba.

Shi ya ce in rubuta wannan, kada in rage komai. Ya ce ya yi latti wajen cika wa Baba umarni, to bari ya cika shi a gaban kowa.

Baba, ya faɗa. Da bakinsa ya faɗa.

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare ka. Ya rufa wa bayinka asiri a duniya, ka rufa masa nasa. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Asabe da 'yan'uwanta haƙuri, ka albarkaci bayansa.

Duk wanda ya karanta har nan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah kada ka wuce sai ka yi wa Baba Sajan addu'a.