Baba Harafi da Fasfon Mutanen Agege

Duk wanda ya taɓa shiga ofishin nan na tikitin jirgi da ke kusa da layin dogo a Agege ya san abin da Malam Ɗanlami yake fara yi. Yana amsa sallama sai ya miƙo hannu, ba don gaisawa ba, fasfo yake nema. In ka ba shi, ya buɗe shafin hoto, ya ɗora wata guntuwar rular katako a ƙarƙashin sunanka, ya karanta shi da ƙarfi harafi bayan harafi, yana buga kowanne a kwamfuta da yatsa ɗaya. In ya kai ƙarshe ya sake daga farko. Sannan ya karanto shi a baibai, daga ƙarshe zuwa farko. Daga nan aka laƙaba masa Baba Harafi. Har Alhaja, Bayarabiyar da ke da ofishin, haka take kiransa.

Shagona na ɗinki yana jikin ofishin, kuma abin da ya raba mu katako ne, ba bulo ba. Shekara ashirin da wani abu ina taka keke ina jin ana tsinka sunayen mutanen unguwar nan. Shi Bakano ne, ni Bazazzagi, saboda haka ba mu taɓa wuni ba mu taɓa juna da wasa ba. Ni Teku yake kirana, wai dogon surutuna ba shi da gaɓa.

A ido aikin nasa ba wani abu ba ne. Kafin mutum ya tashi zuwa wata ƙasa, sai an shigar da sunansa da lambar fasfonsa da ranar haihuwa da ranar da fasfon zai ƙare, a tura wa kamfanin jirgi, su kuma su miƙa wa jami'an tsaron can su duba kafin ya iso. A wasu ofisoshin minti biyar an gama. Wurin Ɗanlami sai ka yi rabin awa, kuma ba ka isa ka gaya masa sunanka da bakinka ba.

Kun san Hajiya Hauwa'u mai leshi a kasuwar Jankara. A Agege aka haife ta, kuma wanda ya rubuta mata takardunta tun tana ƙarama ya rubuta sunan ne yadda bakin Yarabawa ke faɗarsa. Ranar da ta zo yankar tikitin sarin kaya, ina jinsu ta bango.

"A, W, A, W, U. Awawu."

"Malam, Hauwa'u nake."

"A nan Awawu aka sa."

"Kuskure ne. Ubana Hauwa'u ya raɗa mini, an yanka rago, kowa ya shaida."

"Allah ya ji ƙansa, Hajiya. Amma ba a kai ragon filin jirgi ba."

Ta ce ita fa ba za ta zauna a kira ta Awawu a lasifika gaban mutane ba. Ya ajiye rular, ya dube ta ta saman tabarau ya ce, "Hajiya, in na rubuta Hauwa'u, jirgin zai tashi da kujera babu kowa, domin Hauwa'u ba ta da fasfo. Ki bar Awawu ta je ta saro kayan. In ta dawo sai ta ba Hauwa'u ta sayar." Hajiya ta yi dariya har da dafa tebur. Har yau in ta kawo mini ɗinki cewa take in rubuta Awawu a jikin ledar.

Na Alhaji Garba dillalin tumatir na kasuwar Mile 12 bai zo da sauƙi haka ba. Mutum ne babba, motoci suna sauke masa kaya daga arewa kullum, kuma bai saba a ce masa a'a ba. Ya zauna ya jefa fasfo a tebur ya ce a tabbata an sa Alhaji a gaban sunansa.

Ɗanlami ya ce, "Babu Alhaji a nan."

"Sau nawa na je Makka? Buɗe ka ga tambari."

"Na gani, Allah ya karɓa. Tambarin yana can ciki. Ni shafin hoto aka sa ni."

"To ka ƙara. Ai ba ƙarya ka rubuta ba."

"Gaskiya ce, ranka ya daɗe, amma gaskiyar ba ta cikin fasfo."

Alhaji ya fizge littafinsa ya ce akwai ofisoshin da suka san darajar mutane. Alhaja ta biyo shi har bakin titi tana ba shi haƙuri, bai waiwayo ba. Ya tafi wani wuri can wajen Oshodi, suka cika masa burinsa, suka sa Alhaji a gurbin sunan farko. A filin jirgi aka duba aka ga sunan tikiti daban, na fasfo daban, aka ce ya koma gefe. Kafin a warware maganar an rufe ƙofa.

Bayan kwana biyu sai ga shi. Na ajiye almakashi na leƙo, don na ɗauka Ɗanlami zai rama. Alhaji ya zauna ya miƙa fasfo da hannu biyu. Ɗanlami ya miƙe tsaye ya karɓa ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Ya hanya, Alhaji? A ofishin nan ko sau ɗari kake so zan faɗa maka, Alhaji. A kwamfuta ne kawai ba zan iya ba." Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ya faru ba. Tun daga ranar Alhaji Garba bai sake zuwa wani wuri ba, kuma duk ƙarshen mako sai an kawo wa Ɗanlami kwandon tumatir, shi kuma ya raba wa maƙwabta don ya ce cikinsa ba ya son tsami.

To, nawa ya zo. Shekarar da surukina ya biya mini Umra, na shiga ofis ina fara'a na ce yau dai Bakano zai yi wa Bazazzagi hidima. Ya karɓi fasfon, ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton.

"Cire hula."

"Ɗanlami, shekara nawa muna cin tuwo a kwano ɗaya?"

"Wanda nake cin tuwo da shi na san shi. Na hoton nan ne ban sani ba. Yana da gashi."

Na cire hular, mutane suna ta dariya. Ya gama da suna, ya gama da lamba, ya sauko da rular kan layin ƙasa. Ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa, ya rufe fasfon ya turo mini.

"Teku, ba za ka tafi da wannan ba. Wata biyar ya rage masa. Sai da shida ake shiga."

Na ce wata ɗaya ne fa, wa zai lura? Na riga na yi sallama da 'yan uwa, an ɗinka mini jaka, matata ta gaya wa duk gidan haya. Na ce ya shigar kawai, in an tsayar da ni ruwana. Da ya ƙi, na ce to ya matsa da ranar gaba kaɗan a kwamfuta. Nan fuskarsa ta canja, irin canjin da ban taɓa gani ba. Ya ce, "Ko uwata ce ta tashi daga kabari ta roƙe ni, ba zan yi ba." Na gaya masa maganganu marasa daɗi, ciki har da cewa baƙin ciki yake yi don shi bai taɓa zuwa ba. Na koma shago, kwana uku ban yi masa magana ba, ga shi ina jin muryarsa ta bango daga safe har la'asar.

Rana ta huɗu da safe na tarar da shi tsaye a ƙofar shagona da lema a hammata. Ya ce ya karɓi izini wurin Alhaja, in rufe shago mu je a sabunta fasfon. Muka hau danfo, ƙaramar bas ɗin nan ta haya. Shi ya cika mini takardu, shi ya tsaya mini a layi lokacin da ƙafata ta gaji. A hanyar dawowa muka maƙale a cunkoson Oshodi, ruwa yana zuba, kwandasta yana ta faɗa da wani fasinja kan kaya. A nan, yana kallon taga, ya ba ni labarin da bai taɓa ba kowa ba.

Ya ce farkon shigarsa aikin, hannunsa ya fi na kowa sauri, yana alfahari da haka. Akwai wata tsohuwa mai koko da ƙosai a bakin masallaci, Iya Tabawa, wadda ta yi shekaru tana tanadin zuwa Makka. Ranar Juma'a aka kawo fasfonta, an kusa tayar da salla, ya buga lambar cikin gaggawa a takardar neman biza, ya juya lambobi biyu, ta gaba ta koma baya. Biza ta fito da lambar da ba tata ba, ba wanda ya lura. Unguwa guda ta raka ta mota. Kafin magariba motar da ta kai ta ta dawo da ita, da jakarta, da ledar maganinta.

"Na je gidanta ina jiran ta tsine mini," in ji shi. "Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma. Ta ce, ɗana, kada ka sa wa ranka, Allah bai kira ni bana ba, sai baɗi. Har ta sa aka zubo mini koko."

Na ce, "Ta je baɗin?"

Ya girgiza kai. "Ba ta kai ba."

Motar ta ɗan matsa ta sake tsayawa. Ya ce, "Da ta zage ni, Teku, da tuni na manta." Na ce ya yafe mini maganar da na yi. Ya ce wace magana, shi ai Zage-zagi ba ya riƙe zancensu, don in ka riƙe ba ka da wurin ajiyewa. Na tafi Umra bayan wata biyu. Babu inda aka tsayar da ni.

Yadda ya bar aikin ma ina nan. Wata ranar Talata da hantsi na ji ya ƙwanƙwasa katako ya ce in zo. Na same shi ya kara fasfon wani ɗan kasuwa dab da hancinsa.

"Duba mini nan. Takwas ce ko B?"

Na ce B ce. Ya ce shi takwas ya gani, sau uku yana gani takwas. Ya ba mutumin haƙuri ya ce ya jira ma'aikaciyar ɗaya teburin. Ya kashe kwamfuta, ya shiga wurin Alhaja. Ta yi ta roƙonsa da Yarabanci da Hausarta ta kasuwa, ta ce a yi masa aikin ido, ta ce ko zama kawai ya riƙa yi yana sa ido a kan sauran. Ya ce, "Alhaja, da wane idon?" Aka yi aikin daga baya, ido ɗaya ya ɗan gyaru, amma ya ce idon da ya taɓa yi masa ƙarya sau ɗaya ba zai sake ba shi amanar mutane ba. Bai koma ba.

Nakan je wurinsa bayan la'asar, mu zauna a barandar gidan hayarsu, jirage suna wucewa ta samanmu za su sauka Ikeja. Mutumin da ya tura rabin Agege ƙasashen duniya bai taɓa taka matakalar jirgi ba. 'Ya'yansa sun so su kai shi Umra, sai ciwon ƙoda ya riga su. Zuwana na ƙarshe ya rame sosai. Ya ce in sake ba shi labarin Madina, tun daga saukar jirgi. Na fara, na yi nisa, na ga ya rufe ido, sai na yi shiru.

"Ci gaba," in ji shi. "Yau dai surutunka ya yi rana."

Na ci gaba har aka kira magariba. Bayan kwana shida, da damina, ya rasu.

Kun ga jama'ar da ta taru. Dillalan Mile 12 sun bar kaya a mota sun zo, 'yan okada sun jera babura tun daga bakin layi. Alhaja ta rufe ofis kwana uku ta zauna a cikin mata tare da iyalinsa, tana kuka kamar ɗan'uwanta ne ya tafi. Ni kuwa sai da na yi mako biyu kafin na iya buɗe shago.

Allah ya ji ƙan Malam Ɗanlami, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba. Allah ya sauke masa nauyin da ya ɗauka shi kaɗai shekara da shekaru, ya haskaka kabarinsa, ya ba shi littafinsa a hannun dama. Allah ya dubi bayansa. Mu kuma da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.