Lallen Da Ya Hana Ni Raka Uwar Ɗakina Tsibiri

Ina yi wa ma'aikatan wannan mujalla da masu karanta ta sallama irin ta Musulunci. Ni tsohuwa ce, ban taɓa zama a aji ba. 'Yata ce ta riƙe biro ina faɗa tana rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana. A shekarun da wannan abu ya same ni ina zaune a Riyad, unguwar Jaradiya, a wani gidan sama mai ɗaki biyu, ni da 'yar tawa da mijinta da jikokina. Maigidana ne ya kawo ni ƙasar, direba ne, a nan kuma Allah ya karɓi abinsa. Bayan na fita takaba sai na ga ƙarfina bai ƙare ba, zama wuri ɗaya kuma yana kawo mini tunani. Shi ne na ce a nemo mini aikin raino.

Surukina yana tuƙi a wani kamfanin gine-gine. Wata rana ya zo da labari cewa akwai wani injiniyansu, mutumin Koriya, matarsa ta haihu, ba uwa ba kaka a kusa, suna neman dattijuwa mai haƙuri. Kamfanin ya karɓi iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, ya zama shi ne kafilina, mai ɗaukar nauyin zamana, na fara zuwa gidansu. Matan unguwarmu 'yan Cana suke ce musu, na gaji da gyara musu har na bari. Ni ba Turanci, matar gidan ba Hausa, Larabcinta kuwa bai wuce na sayen tumatir ba. Da hannu muke magana, da ido, da dariya. Ranar farko da ta buɗe wani kabeji da suke tsimawa da barkono sai da na fita baranda. Ranar da na buɗe daddawata ita ma ta fita barandar. Daga nan muka san juna, kowa ta bar wa 'yar'uwarta abinta.

Jaririyar kuwa aka miƙo mini ita tana ja wur, gashi baƙi ƙirin a tsaye kamar an tsorata shi. Kwanci tashi ta zauna, ta yi rarrafe, ta miƙe. Kalmar da ta fara fitowa daga bakinta sosai Kaka ce, uwarta ta yi kamar ta ji haushi, sai ta bushe da dariya. Ni kuma na sa mata uwar ɗakina, domin tun tana ƙarama ba ta roƙo, umarni take bayarwa. Ta ce in zauna, in zauna. Ta ce in sake tatsuniya, in sake. Tuwon shinkafa da miyar kuka da hannu take ci, ta suɗe yatsa, ubanta yana ɗaukar ta hoto yana aika wa danginsu. Da ta shiga shekara ta huɗu ita ce tafintar gidan. In uwarta ta yi magana sai ta juyo ta gaya mini da Hausa, wani lokaci ta ƙara abin da ba a ce ba, kamar wai an ce a ba ta alawa. Ina da jikokin cikina, Allah ya sani ina son su, amma su Larabci ya ɗauke musu baki. Wannan 'yar baƙin ita ce ke zama ta saurari Gizo da Ƙoƙi har ƙarshe.

Ana nan, ana nan, sai aikin maigidan ya ƙare, aka ce za su koma ƙasarsu. Matar ce ta zaunar da ni a kicin ta gaya mini, mijinta yana fassarawa da guntun Larabcinsa, idonta ya yi ja. Ta ce amma kafin su wuce gida za su yada zango a wani tsibiri mai itatuwan kwakwa, ruwa ya kewaye shi ta ko'ina, su huta 'yan kwanaki, kuma da ni za a je. Daga can su wuce, ni a sa ni a jirgi in dawo Riyad. Ta ce ba aiki za su kai ni ba, sallama ce, don yarinyar ta rabu da ni a hankali. Ni da ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi, ranar da za mu sauka Jidda.

A nan na gane ba duk fasfo ne ɗaya ba. Su nasu ba a nemi kome a kansa ba, sai dai ya zama da sauran kwana mai yawa kafin ya mutu, da tikitin fita daga tsibirin. In sun sauka a buga musu hatimi a bakin ƙofa su shige. Nawa kore kuwa sai da aka nemi biza tun daga nan, da hoto, da katin allurar rigakafi, da takardar da ke nuna wanda zai ɗauki nauyina. Sannan kamfani ya ba ni izinin fita da dawowa. Maigidan, bawan Allahn nan, bai gaji ba. Ya ɗauke ni a motarsa mu je ofishin jakadanci, a ce mu dawo, mu dawo a ce hoton bai yi ba, kunnena bai fito ba. Na ce masa ya haƙura, wahalar ta yi yawa. Ya girgiza kai ya ce Kaka za ta ga ruwa. Ranar da bizar ta fito da hannu biyu ya miƙo mini fasfon yana sunkuyawa, irin gaisuwarsu. Ya sake duba kome ɗaya bayan ɗaya, ya ce saura shiga jirgi kawai.

Labari ya zaga Jaradiya. Ana jibi tafiya matan unguwa suka cika mana ɗaki bayan la'asar. Wata aminiyata, 'yar garinmu, ta kama hannuna ta juya, ta ce yanzu da waɗannan fararen hannuwan zan shiga jirgi, kamar wadda ba ta fita takaba ba? Ta ce so nake kifayen teku su ce matan Hausa ba su da gata. Wata ta ce a bar ni, ƙila wani tsohon mai kwalekwale yana can yana jira na. Aka yi ta dariya. A wajenmu kuwa haka abin yake, mace ba ta tafiya mai daraja da hannu gaya, ko Makka za ta, ko biki. Aka kwaɓa lalle, aka ƙunsa mini hannu da ƙafa. Da aka kwance ya yi ja, aminiyar tawa ta ce ja na yara ne, aka bi shi da gishirin lalle, ya koma baƙi siɗik tun daga kan yatsu har tafin hannu. Na ɗaga hannuwan na duba, na ji daɗi har cikin raina. Cikinmu babu wadda wani abu ya ɗarsu a zuciyarta. Washegari uwar ɗakina ta yi ta juya hannuna tana shinshinawa, uwarta ma ta yaba.

Akwai maganganun da na tara wa yarinyar nan. Ina so in gaya mata ba gudunta na yi ba. Ina so in gaya mata ta riƙa jin maganar uwarta, ta daina cin abinci a tsaye, in ta ji tsoro ga abin da za ta yi. Ina so in sa mata albarka a tsanake, hannuna a kanta. Sau da yawa tana kan cinyata in buɗe baki, sai in ce a'a, kada in ɓata mata rai tun yanzu, a bari sai mun je bakin ruwa. Har wurin da za mu zauna na zaɓa a cikin hoton da uwarta ta nuna mini a waya, gindin wata kwakwa da ta karkata.

Ranar tafiya da hantsi surukina ya kai mu filin jirgi ya juya. Aka auna kaya suka shige. Muka zo wurin masu buga hatimi. Maigidan ya ce in wuce gaba, na ce ba zan shiga gaban mai gida ba, su fara. Aka buga musu nasu, kuma nasu na fita ne ba dawowa, tunda sun gama zama. Suka tsallaka suka tsaya suna jira na. Na miƙa fasfo ga wani saurayi mai kaki, ya duba, ya ce kome daidai, ya ummi, wato uwata, sa yatsa a nan. Na ɗora yatsa a kan ɗan gilashin. Ya ce in sake. Na sake. Ya goge gilashin, ya ce in kawo babban yatsa, in kawo na hagu, in danna, in sassauta. Sai ya ce in buɗe hannun ya gani. Da ya ga baƙin lallen sai ya ce na'urar ba ta ganin zanen yatsuna ko kaɗan. Dama wanki da shekaru sun cinye rabinsa, lallen ya rufe sauran. Ya fesa mini wani ruwa, ya tura ni bayi na dirje da sabulu har fata ta yi zafi. Wanda ya san ƙunshin da aka bi da gishiri ya san sabulu ba ya taɓa shi.

Aka kira babbansu. Shi ma bai yi mini tsawa ba. Ya ce ba shi da ikon fitar da mutumin da ba a tabbatar da yatsansa ba, sai na je ofis a cikin gari, kuma ba abin yau ba ne. Maigidan ya matso yana roƙo da guntun Larabcinsa, ya ce to su ma sun fasa, za su dawo. Aka ce masa wanda aka buga wa fita ba dawowa ba ya komowa ta wannan ƙofa. Tsakanina da su ɗan shingen ƙarfe ne da bai wuce ƙuguna ba. Uwar ɗakina ta leƙo ta tsakanin ƙarafan ta ce mini in wanke hannu da kyau mana, kamar yadda nake sa ta. Da ta ga ban tsallako ba sai ta juya wurin mai kakin, ta gaya masa da Hausa ya ba ta kakarta. Bai ji abin da ta ce ba, amma ya kau da kai. Aka fara kiran jirginsu, sai ta fasa kuka, ta zube ƙasa, uba ya ɗauka ta zille, uwa ta ɗauka ta zille.

Ban gaya muku ba, yarinyar nan in ta yi irin wannan kuka abu ɗaya ne ke kwantar da ita, goyo. Uwarta kuwa ba ta taɓa goya ta ba, a keken yara take tura ta. Zanen goyon yana cikin jakar hannuna. Na roƙi mai kakin, ya ce in tsaya a gefe in miƙa. Na miƙa wa uwar zanen ta saman shingen, na nuna mata da jikina. Ta sunkuya, uban ya ɗora mata yarinyar a baya. Na ce ta ja zanen har ƙarƙashin hammata, ta soke a ƙirji, ta tattaro na ƙasa ta ɗaure. Ta yi ya kwance, ta sake. Na miƙa baƙin hannuna na gyara mata gefe ɗaya da na iya kaiwa. Kukan ya fara sauka ya koma ajiyar zuciya. Sai uwar ce ta kama kuka. Mijin ya gaya mini wai ta ce haka kakarta ke goya ta a ƙauyensu, ta manta sai yau. Duk maganar da na tara babu wadda ta fito. Abin da na iya cewa kawai, uwar ta ƙara tamke ɗaurin, ita kuma uwar ɗakina kada ta ja wa uwarta gashi. Suka juya. Goyon ya karkace gefe guda, ƙafa ɗaya tana reto, fuskarta a kwance tana kallona, har suka sha kwana.

Aka fito mini da akwatina daga cikin jirgi, da garin kunun da na yi wa uwar ɗakina guzuri a ciki. Na zauna a kujera har surukina ya dawo ya ɗauke ni. Aminiyata ta zo ta yi kuka ta ce ita ta jawo. Na ce mata da hannuna na miƙa, da raina kuma na so, gata ta yi mini. Kafin lallen ya sake ni sun daɗe da isa ƙasarsu. Sun yi ta kira na a waya ina ganin su. Da farko uwar ɗakina takan ce in yi mata tatsuniya, daga baya Hausar ta fara zubewa, har ya zama sai dai ta ɗaga mini hannu tana murmushi, tana jin kunya. Yanzu maganar tana nan a bakina, amma kunnen da zai ji ta babu.

Shi ya sa na ce a rubuta. 'Yan'uwana mata, musamman tsofaffi irina da ba mu yi boko ba, tafiyar yanzu ba takarda kaɗai ake dubawa ba, har jikinki ana dubawa. In za ki shiga jirgi ki yi lallenki a ƙafa, ki yi a bayan hannu, ki bar kan yatsunki yadda Allah ya halicce su. Ku kuma 'ya'ya masu ilimi, in kun gama duba fasfon iyayenku da biza, ku ce su buɗe hannu ku gani. Wanda ya yi mini takarduna bai bar kome ba, lalle ne kawai bai sani ba, mu da muka san lalle kuma ba mu san na'ura ba. Abu na ƙarshe, wadda duk take da maganar da za ta gaya wa yaro, ko albarkar da za ta sa masa, kada ta jira wuri mai kyau. Ta gaya masa yau, yana kan cinyarta, ko da zai yi kuka. Allah ya raya mana zuriya, namu da na waɗanda suka ba mu amanar nasu.