Rudun Baba Da Baƙuwar Indiya

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka bar Sakkwato, mu huɗu da direba. Akwai Farfesa Anita daga wata jami'ar Indiya, da Injiniya Bala na kamfanin fanka mai aiki da hasken rana, da Darakta daga ma'aikatar noma, sai ni da ke koyar da aikin gona a jami'a. An yi yarjejeniya za a gina ma'ajiyar albasa ta gwaji a ƙauye ɗaya, mu za mu zaɓi ƙauyen. Ni kuwa Rara nake so, garinmu, inda albasar mahaifina ke ruɓewa kowace damina.

Wurno

Mun iso shida da rabi, bayan shingen 'yan sanda biyu. Muka karya da ƙosai da kunu a bakin tasha. Farfesa ta ce yajin bai isa ba, mai ƙosai ta ƙura mata ido.

"Wagga baƙuwa tamu ce," in ji ta, ta ƙara mata cokali guda.

Manoma suka kai mu wata ma'ajiya ta bulo da kwano. Muna buɗe ƙofa warin ruɓaɓɓiyar albasa ya kore mu. Injiniya ya duba takardarsa, don zanensa ma na kwano ne.

Goronyo

Sha ɗaya saura muka isa madatsar ruwa. Gonaki kore shar, kifi soyayye kuma ya yi daɗi. Darakta ya ce a nan za a gina, tunda hanya na da kyau. Muka kwana a masaukin baƙi, sauro ya yi ta cizona.

Rara, ta Rabah

Ga laifina. Mako guda kafin tafiyar na buga wa Baba waya, na ce ya rushe tsohon rudunsa, wato rumfar kara da ciyawa da yake adana albasa, kada baƙi su raina mu. Muka iso ƙarfe goma na safe, sai ga rudu tsaye kamar jiya aka ɗaura shi. Kunya ta kama ni.

Farfesa ta durƙusa, ta zura hannu ta ƙasa, ta jima. Ta ce in tambayi Baba dalilin da bakin rumfar ya kauce wa gabas.

"Daga can ruwa ka bugowa," in ji Baba. "Albasa hwa numfashi takai. Ka toshe ta, ta yi hushi. Damina kaɗai ka kashe ni, in iska ya tsaya cik."

"Iskan ai shi nake sayarwa, Baba," in ji Injiniya yana dariya.

A gindin rudun ya juya takardarsa ya sake zane: kara da ciyawa kamar na Baba, fanka a ƙasa. Darakta ya yi gunaguni kan rashin kyan hanyar Rara, daga baya ya yarda a gina a nan. Farfesa ta ce a rubuta sunan Baba cikin masu zanen.

Da za mu tashi na ja Baba gefe.

"Baba, a yi mini gafara."

"Mi ka yi? Ai ban ji ka ba ran nan, wayar ba ta da kyau."

Na san ya ji ni sarai.

Gida

Mun shigo Sakkwato ana kiran magariba, ƙaramin buhun albasa a kan cinyar Farfesa. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa direbanmu Sahabi da mutanen garuruwan uku. Na kuma gode wa Baba da ya ƙi jin maganata.